Masai, Kwatami da Haƙƙinmu na Zama a Wannan Gari

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron magidanta



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta maku. Sarkin Fawa da shugabannin Kara, masu unguwanni, iyayenmu mata da ke saurare daga cikin zaure, 'yan uwa magidanta da matasa, ina yi maku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri da kuka bar sana'o'inku kuka amsa wannan kira.

Bayan haka, ina neman afuwar manya tun kafin in fara, domin maganar da shugabanni suka ɗora mani yau ba irin wadda ake yi a gaban surukai ba ce. Maganar masai ce da kwatami da ruwan ƙazantar da ke fita daga gidajenmu da kwatarmu. Amma masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk wanda ke zaune a wannan unguwa ya san abin da ya same mu a daminar da ta wuce. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, masai ya cika ya tumbatsa a layin bayan masallaci, abin da ke ciki ya bi lambatu ya gangara har ƙofar gidajen maƙwabtanmu Yarbawa da ke ƙasa da mu. Ba a yi mako ba yara suka fara kwanciya da amai da gudawa, namu da nasu. Daga nan sai ga ma'aikatan duba-gari, waɗanda mutanen nan ke kira wole-wole, suka lilliƙa takardu a ƙofofi, suka kuma kawo wata ofishin ƙungiya. Ni na karɓa, ni na sa hannu. Abin da ke cikinta a taƙaice shi ne, ko mu gyara, ko a rufe mana kwata a kuma garƙame gidajen da abin ya shafa. Mun je mun ba da haƙuri, an kashe 'yan kuɗi an kwashe ramuka, magana ta lafa. To amma lafawa ta yi, domin wata daminar na nan tafe, kuma ramukan nan su ne dai ba a canza su ba.

Wasu sun tambaye ni me ya sa kwamitin kare haƙƙi ya tsoma baki a maganar da ta shafi kwamitin tsafta. Amsar ita ce, a wannan ƙasa idan ana son tayar da talaka daga inda yake zaune, ba kasafai ake cewa don ƙabilarsa ne ko don ana son filinsa ba. Cewa ake yi wurin ya ƙazantu, yana barazana ga lafiyar jama'a. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe unguwar Maroko, aka raba mutane wajen 300,000 da muhallinsu, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ambaliya da rashin tsafta. Yau ku je ku ga irin gine-ginen da ke wurin. A watan Oktoban 2023 an rufe kasuwar Mile 12, inda 'yan uwanmu da yawa ke neman abinci, saboda shara da ƙazanta, sai bayan kwanaki aka buɗe. A watan Yunin 2025 an rufe mayankar Oko-Oba da ke Agege, cikin laifuffukan da aka lissafa har da zubar da ƙazantar dabbobi a magudanar ruwan jama'a. Ban ce duk abin da hukuma ta faɗa a waɗannan wurare ƙarya ba ne. Wani wurin ƙazantar gaskiya ce, mu ma da hancinmu. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ƙazantar da muka bari a ƙofar gida sanda ce muka sassaƙa da hannunmu muka ajiye wa duk mai son dukanmu.

Kuma kada wani ya yarda da gorin da ake mana cewa ƙazanta halin Bahaushe ne. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne ke yin bahaya a fili a Nijeriya, kudu da arewa. Jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a a duk faɗin ƙasar nan kuwa ita ce Jigawa, a watan Oktoban 2022. Matsalarmu a nan ta cunkoso ce, gidan da aka gina domin mutum goma yanzu yana ɗauke da arba'in, ga ruwa kusa da fuskar ƙasa, ga damina mai tsawo wadda ba irin tamu ta gida ba.

Ni da girmana na koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da ya fi amfanata da shi shi ne karanta kundin tsarin mulkin 1999. Yana nan a ofis, duk mai so ya zo a karanta masa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Waɗannan mun saba jin su a irin wannan taro. Wanda ba mu cika kula da shi ba shi ne jadawali na huɗu da ke can ƙarshen kundin, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki har da samar da ban-ɗakunan jama'a da kula da su, da kawar da ruwan ƙazanta da shara, da kafa mayanka da kasuwanni da tashoshin mota. Wato hukumar da ke aiko mana da takardar gargaɗi, ita ma doka ta ɗora mata nata kaso na aikin. Kuɗin tikiti kuwa kullum ana karɓa a Kara da kwata da kasuwa, ban taɓa jin an tambayi mai biya ko ɗan asalin jiha ne ba. Har ila yau, a ranar 28 ga Yulin 2010 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince, da ƙuri'un ƙasashe 122, cewa samun tsaftataccen ruwan sha da makewayi mai tsafta haƙƙi ne na ɗan Adam. Na ɗan Adam aka ce, ba a ce na ɗan gari ba.

To amma idan muka zauna muna jiran gwamnati ta shimfiɗa mana manyan bututu a ƙarƙashin ƙasa irin na Turai, waɗanda ke kwashe ƙazantar gari baki ɗaya su kai ta wata babbar matata a bayan gari, jiran gawon shanu za mu yi. A Nijeriya, in ka cire sassan Abuja da ke haɗe da matatar Wupa, da wasu rukunin gidaje da manyan makarantu nan da can, garuruwanmu ba su da irin wannan tsari. Yana cin kuɗi masu yawan gaske, yana buƙatar wutar lantarki dare da rana saboda injinan tura ruwa, yana kuma buƙatar ruwan famfo wadatacce da zai riƙa kora ƙazantar. Wanne muke da shi a cikin ukun? Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan ƙazantar duniya ana sakinsa ne a koguna da teku ba tare da an tace shi ba.

Wannan ne ya sa a ƙasashe masu tasowa irin su Indiya da Indunusiya da wasu ƙasashen Afirka aka koma ga wata dabara. A maimakon a kwashi ƙazantar gari a kai wuri guda, sai kowace unguwa, ko makaranta, ko kasuwa, ko gidaje hamsin zuwa ɗari, su tace tasu a inda take fita. Wata ƙungiya ta birnin Bremen a ƙasar Jamus mai suna BORDA tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara tun shekarun 1990. Ina roƙon ku ba ni hankalinku a nan, domin shi ne zuciyar jawabin.

Ruwan masai da na wanka daga gidajen layi yana bin ƙaramin bututu ya faɗa wani rufaffen rami na siminti mai ɗaki biyu. A nan mai nauyi yake kwantawa ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce. Wannan bai bambanta da sokawen da masu hali ke ginawa ba, illa dai shi a shafe yake ciki da ƙasa, ba ya tsiyaya ya je ya haɗu da ruwan rijiya. Daga nan ruwan ya shiga wani dogon tanki da aka raba ɗaki-ɗaki a jere, aka kuma tsara shi yadda dole ne ruwan ya nutsa ƙasa sannan ya taso a kowane ɗaki, ya ratsa ta cikin lakar da ta kwanta. A cikin lakar nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu rayuwa inda babu iska, su ne ke cinye ƙazantar. Ba sayo su ake yi ba, a cikin ƙazantar suke zuwa, kuma zafin ƙasarmu yana sa su aiki fiye da yadda suke yi a ƙasashen sanyi. Bayan nan sai ruwan ya fito ya bi ta wani fage mai tsakuwa wanda aka shuka ciyayi masu son ruwa, irin su kacala ko gwangwama, ya ratsa saiwoyinsu a hankali ta ƙarƙashin tsakuwar, yadda sauro ba zai samu wurin ƙyanƙyasa ba. In akwai fili, a ƙarshe a yi ɗan kandami marar zurfi inda rana za ta ƙara kashe ƙwayoyin cuta.

Babu inji, babu janareta, babu maganin da za a riƙa saye. Gangara ce ke tura ruwan. Tankunan a binne suke, ana iya ajiye babura a kansu. Kayan aikin bulo ne da siminti da rodi da yashi da tsakuwa, birkilolinmu za su iya, muddin injiniya ne ya auna ya zana, domin girman tanki da yawan masu amfani da shi tare suke tafiya, in aka yi ƙarami ruwan wucewa zai yi bai narke ba. Ruwan da ke fita a ƙarshe ba na sha ba ne, ba kuma na alwala ba ne, amma ba ya wari, kuma ya isa a ba itatuwa da shuke-shuke ko a sake shi a lambatu ba tare da an cuci na ƙasa ba.

A Indunusiya, wadda ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, an fara wani shiri mai suna SANIMAS a 2003, aka gina irin waɗannan ƙananan matatu a cunkusassun unguwannin talakawa, daga baya gwamnati ta rungumi shirin ya bazu a ƙasar. A 2013 wani sashe na Bankin Duniya ya fitar da rahoton binciken da ya yi a kansu. Ya tarar yawancinsu suna aiki, jama'a na iya share-share da ƙananan gyare-gyare, amma inda ake gazawa shi ne kwashe lakar da ke taruwa a tanki da kuma manyan gyare-gyare, waɗanda sai hukuma ta sa hannu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarin da ya fi kama da namu kuwa a Pakistan yake. A gefen birnin Karachi akwai wata ƙatuwar unguwa da ake kira Orangi, wadda baƙi ne suka kafa ta, mutanen da suka zo daga wasu yankuna neman abinci da waɗanda yaƙin 1971 ya koro. Hukuma ba ta ɗauke su a bakin komai ba, ƙazanta a tsakiyar layi take gudu. A 1980 wani dattijo masani mai suna Akhtar Hameed Khan ya shiga cikinsu. Bai kawo masu kuɗin gini ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ma'aikatansa suka auna layuka, suka rage tsadar bututu da murafu ta hanyar sauƙaƙa zanen, suka riƙa ba da aron kayan aiki. Kowane layi mai gida ashirin zuwa arba'in ya zaɓi mutum guda amintacce, shi ke tara kuɗi, mutanen layin su haƙa da kansu su shimfiɗa bututu. Mata sun taka rawa sosai wajen tara kuɗin da matsa wa mazan da ke jan ƙafa, domin su ne ke wuni da warin. Da layi ɗaya ya yi aka ga bambanci, sai na kusa ya ce shi ma. A haka gidaje fiye da 90,000 suka yi wa kansu magudanar ƙazanta da kuɗin aljihunsu, a kan ɗan kaso kaɗan na abin da ɗan kwangila zai caji gwamnati.

Ƙa'idar da suka kafa ita ce a raba aikin biyu. Na ciki, wato masan gida da bututun layi da wanda ke haɗa layuka, na jama'a ne. Na waje, wato babban bututu da matata, na gwamnati ne. Jama'a sun cika nasu. Gwamnati ta yi jinkiri a nata, saboda haka shekara da shekaru ƙazantar Orangi ta bar ƙofar gida amma ta bi rafuffuka ta tafi teku ba a tace ba. Darasin da na ɗauka shi ne, in muka shimfiɗa bututu kawai ba mu yi matata ba, mun kwashe matsalar ne daga ƙofarmu mun kai ƙofar Bayaraben da ke ƙasa da mu, kuma kun san abin da hakan ke haifarwa. Akwai wani abu kuma. Auna layukan nan ya kai su ga zana taswirar unguwanni, taswirar ta zama hujjar da talakawa ke riƙewa cewa sun daɗe a wurin. Matar da ta jagoranci wannan aiki, Perween Rahman, harbe ta aka yi a watan Maris na 2013. Allah ya jiƙan Musulmi. Wannan ya nuna maku cewa maganar lambatu da maganar fili ba su rabuwa.

Yanzu bari in zo ga abin da na san 'yan kasuwa na jira, wato ina ribar take. Halittun nan da ke cinye ƙazanta suna fitar da iska mai kama wuta, 'yar uwar wadda muke saye a tukunya. In aka gina ramin farko da rufi mai kamar kwanon da aka kife, iskar tana taruwa a sama a ja ta da bututu zuwa murhu. Harshen wutar shuɗi ne, ba hayaƙi. A ƙasar Ruwanda tun farkon shekarun 2000 aka gina irin waɗannan ramuka a gidajen yari, suka rage itacen girki da kusan rabi, har aikin ya ci wata lambar yabo ta Ashden a 2005. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi kuma wata ƙungiya mai suna Umande Trust ta gina benaye, ƙasa ban-ɗaki da wurin wanka na biya, sama ɗakin taro, iskar kuma ana dafa abinci da tafasa ruwan wanka da ita.

Sai dai kada in yi maku romon baka. Abin da mutum ɗaya ke fitarwa a yini ba ya ba da iskar da ta wuce wajen lita 30, alhali girkin gida mai mutum biyar ko shida yana cin fiye da lita 1,000 a yini. Wato masan gida ba zai dafa tuwon gidan ba. Amma kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da wajen lita 40, kuma a nan ne Allah ya yi mana gata. Sarkin Fawa na nan zaune, ya san yawan toroson da ake juyewa daga tumbi kowace safiya, da jini, da ruwan wanke kayan ciki, waɗanda duk rafi suke tafiya, su ne kuma abin da duba-gari ke fara nunawa in sun zo. Wannan shi ne abincin ramin iska. Mahauta da masu babbaka kai da ƙafa da masu tuwo-tuwo da ke bakin kwata duk wuta suke saye. In aka samu wuta mai tsafta a wurin, har babbaka da tayar mota, wadda ke ɓata mana suna da lafiya, sai a daina. A garin Ashaiman kusa da Ankara a ƙasar Gana akwai wani kamfani mai suna Safi Sana da ke haɗa ƙazantar ban-ɗakunan jama'a da sharar kasuwa da ta mayanka, yana fitar da wutar lantarki da taki yana sayarwa.

Maganar taki kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba. Tun kaka da kakanni jakuna ke fitar da takin birnin Kano zuwa gonakin da ke kewaye, shi ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba. Abin da masana suka ƙara mana shi ne, mafi yawan sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, a cikin fitsari yake fita daga jikin mutum. A yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar mata manoma na tara shi a jarka su rufe wata biyu zuwa uku har ƙwayoyin cuta su mutu, su zuba wa gero. Wasu na ce masa takin ruwa, wasu suka laƙaba masa suna Oga don kawar da ƙyama. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna amfanin geronsu ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. A Tamale ta arewacin Gana manoma kan roƙi motocin kwasar masai su juye masu a gona da rani, rana ta gasa shi wata da watanni kafin shuka. A gabashin birnin Kalkata na Indiya kuma akwai fadama mai faɗin hekta 12,500 inda ruwan ƙazantar birnin ke bi ta kandamai marasa zurfi, rana da gansakuka su tace shi, kifi ya ci gansakukar, ana kama dubban tan a shekara. 'Yan lambunmu da ke bakin rafi suna noman alayyafo da latas, da matasan da suka fara kiwon tarwaɗa, wannan magana taku ce.

Amma akwai sharaɗi, kuma mai tsauri ne. Ɗanyar lakar masai guba ce. Ƙwan macijin ciki yana iya yin fiye da shekara a cikinta bai mutu ba. Shi ya sa a Indiya masu masai mai rami biyu suke rufe wanda ya cika har shekara biyu suna amfani da ɗayan, sai ya koma kamar baƙar ƙasa kafin a taɓa. Lakar tanki ma sai an shanya ta ta bushe ƙarau an haɗa da shara mai ruɓewa ta yi zafi ta nuna. Kuma kada a zuba ruwan matata a kan ganyen da ake ci ɗanye. Haka nan baƙin mai na gareji da ruwan batir da na rini ba su shiga wannan bututu, domin suna kashe halittun da ke aikin, kuma suna bin amfanin gona su shiga ciki. Mutanen Kano da ke nan sun san abin da ruwan masana'antu da na majemu ya yi wa lambunan Jakara.

Na san abin da ke ran wasu, wato hukuncin najasa. Wannan fagen malamai ne, ga su nan zaune, kuma ina roƙon su zauna a kansa su fito mana da matsaya kafin a sa bulo ɗaya. Abin da zan ajiye a gabansu biyu ne. A mazhabarmu ta Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, don haka toroson kwata ba shi da wata matsala. Na biyu, tun a 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawar cewa ruwan ƙazanta in aka tace shi sosai har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka gushe, kuma ba ya cutarwa, ya tsarkaka. Mu ba mu ma kai can ba, ban-ruwan itace kawai muke nema.

Ga abin da shugabanni suka amince in gabatar maku. Za mu fara da ƙidaya da awo. Matasa za su bi gida-gida su rubuta yawan mutane, da yawan masai, da inda ruwan wanka ke fita, su kuma auna tazarar da ke tsakanin kowace rijiya da masan da ya fi kusa da ita. Ƙa'idar masana lafiya ita ce mita 30. Na riga na san gidaje da yawa ko goma ba su kai ba, har da wanda nake ciki. Ina roƙon iyayenmu mata su ba yaran nan haɗin kai, mata ne za su shiga cikin gida, ba maza ba. Daga wannan awo za mu fitar da taswirar unguwa, kwafi ɗaya a fadar Sarki, ɗaya a ofis, ɗaya wurin lauyanmu.

Sannan maganar fili. Da yawanmu haya muke, wasu filayen kuma iyayenmu da baki aka ba su. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Ba za mu binne kuɗin jama'a a filin da babu takarda ba. Duk inda za a gina tanki sai an yi yarjejeniya a rubuce da mai filin, Ba'ale da kansila sun shaida, hukumar tsara gari ta buga hatimi. Masu gidajen da muke haya su ma su sa nasu kaso, tunda darajar gidansu ce za ta ƙaru. Layin da za a fara da shi kuwa, shawarata a haɗa da gidajen maƙwabtanmu na gangare, su shiga kwamitin, su shiga adashin, domin abin da aka gina tare ba a tashi dare ɗaya a ce na baƙi ne a rushe.

Takardar da za mu kai wa ƙaramar hukuma ba ta roƙo ba ce. Za mu rubuta abin da muka ɗauka, wato masan gidaje da bututun layi da share-share, mu kuma rubuta abin da jadawali na huɗu ya ɗora mata: injiniyan da zai zana, da filin matata, da motar da za ta riƙa kwashe laka duk shekara ɗaya ko biyu, da tabbataccen wurin da motar za ta juye, ba rafi ba. Wannan shi ne gurbin da aka gano a Indunusiya, ba ma so mu faɗa cikinsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muna da bakin tambayar inda kuɗin tsafta yake tafiya, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa wa wanda ya tambaya a rubuce. Duk takardar da muka kai sai an buga mana hatimin karɓa a kwafinmu.

Abu na ƙarshe, kuma da wannan nake roƙon Sarki ya sa baki. Yawancin masu kwasar masai da hannu a wannan gari yaranmu ne da suka zo ci-rani. Ana ba su aikin da tsakar dare, ba safar hannu, ba takalmi, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Iskar da ke cikin rufaffen rami tana kashe mutum cikin 'yan mintoci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Daga yau kada magidanci ya sa yaro ya shiga rami ko sokawe. A buɗe murfi a bar shi ya sha iska, a kwashe daga sama, kada a kusanto da wuta ko sigari. Ƙungiya za ta rubuta sunayen masu wannan sana'a, ta saya masu kayan kariya daga asusun jin ƙai, kuma in Allah ya sa matata ta tabbata, su ne za a fara ɗauka aikin kula da ita da albashi.

Matasan da za su yi aikin awo su tsaya bayan addu'a su ba da sunayensu. Masu unguwanni kuma ana jiransu a fadar Sarki ranar Lahadi bayan sallar la'asar, kowa ya zo da sunan mutum ɗaya da layinsa ya yarda ya riƙe masa kuɗi. Allah gafarta Malam, a rufe mana da addu'a.